Gudu a Birnin da Iska Ba Ta Ƙosar da Baƙo

Addis Ababa a kan tsauni take, sama da mita 2,300 daga doron teku, alhali Kano ko mita 500 ba ta kai ba. Baƙon da ya sauka garin, da ya hau matattakalar masauki da sauri zai tsaya yana haki, domin duk numfashin da ya ja, abin da ke isa jininsa bai kai wanda ya saba samu a gida ba. Jiki yakan ɗauki makonni kafin ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini ya saba. A irin wannan gari ne ake yin tseren kilomita 10 da ake wa kallon mafi tara jama'a a nahiyar Afirka, wato Great Ethiopian Run, wata Lahadi a cikin Nuwamba.

Ni ba ɗan tsere ba ne. Likita ne ya tsorata ni da zancen hawan jini, na fara sassarfa bayan sallar asuba. A unguwarmu kuwa, mai furfura ya fito yana gudu ba wanda ya biyo shi, sai maƙwabci ya tsayar da shi: "Malam, lafiya dai ko?" Da aiki ya kai ni Habasha daidai lokacin tseren, wani abokin aiki ɗan garin ya miƙo mini riga mai gajeren hannu, ya ce ita ce takardar shiga. Gama-garin masu gudu rigar shekarar kawai suke sawa, kowa iri ɗaya, kuma takan ƙare tun ranar ba ta zo ba.

Haile Gebrselassie, wanda ya ci zinaren mita 10,000 a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 da ta Sydney a 2000, yana cikin waɗanda suka kafa tseren a 2001. Mutum 10,000 suka shiga na farkon, shi ne kuma ya zo na ɗaya. Yanzu akan haura 40,000.

A dandalin Meskel ake taruwa, wani makeken fili mai dogayen dakali hawa-hawa, jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2015 yana ratsawa ta samansa. Sanyin safiyar mai shiga ƙashi ne. Mata sanye da farin mayafi suna kutsawa ta gefen taron za su coci, ga 'yan mata masu hijabi sun ɗora rigar tseren a kan doguwar riga, ga wani ya yi wa fuskarsa fenti kore da ɗorawa da ja. Ƙwararrun su ake fara saki. Na hango su kamar ƙiftawar ido, siraran mutane marasa hayaniya, daga nan ban ƙara sa su a ido ba. Na gabansu cikin ƙasa da rabin awa suke gamawa, lokacin da wasunmu ba su ma yi nisa da dandalin ba.

Da aka sake mu, gudu ya gagara. Kafaɗa na gugar kafaɗa, turmutsutsu kamar kasuwar Kwari ta Kano ana jibi salla. Na zo da agogo a hannu da niyyar in ga minti nawa zan yi, amma kilomita ta farko da tafiya da tsalle muka cinye ta. Wani ya ɗaga waƙa, ɗaruruwa su amsa, ƙafa na dukan kwalta daidai da amshin. Abokina ya ce ba duka ne waƙoƙin wasa ba, wasu habaici ne ga mahukunta da tsadar rayuwa, don mutum ya fi sakin baki in yana tsakiyar dubbai masu riga irin tasa. Duk inda makaɗa suka kafa kayansu a bakin titi sai tseren ya tsaya cik, a shiga eskista, rawar da ake yi da kafaɗu da ƙirji, ƙafa ba ta cika motsi ba. Na gwada. Wata dattijuwa da ke kallo ta yi dariya har da riƙe ciki.

Sai hawa ya zo. Titunan Addis ba su san shimfiɗa ba, in ba ka hawa to kana gangara. A tudun farko na ji kamar an ɗaure mini ƙirji da igiya, ƙafafu na da sauran ƙarfi amma huhu ya ce bai san zancen ba. Bakina ya bushe, kunnuwana na bugawa. Na rage, na koma tafiya, hannu a ƙugu. Wani dattijo da ya girme ni nesa ba kusa ba, takalminsa na roba duk ya suɗe, ya dafa bayana ya ce "Ayzoh!", abin da suke jefa wa duk wanda ya galabaita. Bai wuce ni ba. Ya rage takunsa, ya nuna mini da hannu in gajarta nawa, in daina kallon ƙarshen tudun. Haka muka hau tare, ba mai jin yaren wani. A saman tudun ana fesa ruwa da mesa, na shiga ƙarƙashinsa, kafin in share ido ya ɓace cikin riguna.

In ka tambayi dalilin da ya sa Habasha ke fitar da zakaru, akan ce maka tsauni ne, ko kuma injera, gurasar nan mai tsami da ake yi da ƙwayar tef. Ban musa ba, amma garuruwan tsauni suna da yawa a duniya, ba kowanne ke da Abebe Bikila ba, wanda ya ci gudun fanfalaki a Roma a 1960 ba takalmi, ya sake ci a Tokyo a 1964. Ba kowanne ke da Bekoji ba, ƙaramin garin da ya haifi Derartu Tulu, baƙar mace ta farko daga Afirka da ta ci zinaren Olamfik a 1992, da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba. Abin da na gani da idona shi ne gudu na da mutunci a nan. Tun duku-duku za ka tarar da matasa suna kai-kawo a dakalin Meskel, wasu kuma a dutsen Entoto suna bin juna a layi ɗaya tsakanin bishiyoyi. Yaron da ya ga otal-otal ɗin Haile ya san ƙafa ma na iya ciyar da gida, kuma iyayensa ba za su ce ya zama ɗan iska ba.

Na gama cikin awa ɗaya da 'yan kai masu kauri, aka rataya mini lambar yabo irin ta kowa. Wasu ma a hanya suka yada zango a mashaya, sai can suka ƙaraso suna tangaɗi, su ma aka ba su tasu. Muka samu wata rumfar kofi muka zube. Mai rumfar ta soya ƙwayar a gabanmu, ta daka, ta dafa a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, ga hayaƙin turaren wuta, ga gugguru a faranti. Rumfar cike da masu riga irin tamu, kowa na ba da labarin inda ya yi rawa da inda aka jiƙa shi. Na sa abokina ya tambaya mini wa ya zo na ɗaya. Aka kalli juna. Wani ya ce bari ya duba a waya, sai aka kawo zagaye na biyu na kofi, zancen ya bi ruwa.