Danna kunne ba zai hana mu komawa Shika ba

Jama'a, wata uku ke nan muna kai Yaya asibitin Shika daga Funtua, ana yi mata kemo saboda kansar ƙwan mahaifa. Kowane zuwa sai mun sayar da masara. In mun dawo, ko kunu ba ya zama a cikinta.

Wata nas ta nuna mana dabarar mutanen Sin: a manna 'yar ƙwaya a kunne da filasta, a riƙa dannawa. Likita ya yarda, muka haɗa da maganin amai. Yaya ta ce tashin zuciyar ya ragu.

Jiya wani ɗan'uwa ya ce tunda an samu sauƙi, a bar asibiti. Wallahi a'a. Amai ne ya lafa, ciwon yana nan. Litinin za mu koma. Ku sa ta a addu'a.