Mayahi: ciwon ƴa mace na ƴa mace ne

A wannan wata za mu kai ku ƙasar Mayahi, cikin jahar Maraɗi, mu ga yadda mata ke riƙe junansu lokacin jego.

Wanda ya taso daga Maraɗi ya kama hanyar Damagaram, in ya kai Cadawa sai ya bar babbar hanya ya yi arewa. Bayan ƴar tahiya zai fara ganin goruba dama da hagu. Ya shigo Gulbin Kaba ke nan. Sunansa gulbi, amma ruwa ya daɗe da barin gudu cikinsa a nan wajen. Sai tabkuna da damina. Garin Mayahi na bakin wannan gulbi. Tasawa na kudu maso gabas da shi. Cikin gundumar akwai Kanambakashe, da Isawan, da Sarkin Hausa, da Atantane, da Gidan Amumun. A ƙidayar 2012 mutanen gundumar Mayahi sun wuce 500,000. Na gundumar Tasawa ma haka.

Ƙasar rairayi ce. Ana noma hatsi da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. Fulani da Abzinawa na kiwo. Kusan kowane gida da ƴar jar akuyarsa. Mata na yanko kaba, su saƙa tabarma da igiya, su kai kasuwa.

In an gama ɗaurin hatsi, maza da yawa sai su tahi cin rani. Wasu Kano, wasu Legas, wasu Agadas, wasu har Libiya. Gari ya rage daga tsofaffi sai mata da yara. Amma haihuwa ba ta jiran mai gida ya komo. In ta zo, ta zo.

Wa ke daka ma mai jego?

Ku duba aikin mace ɗaya a ƙauye. Tun asuba ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi daka. Ta tahi rijiya, kuma rijiyoyin arewacin Mayahi na da zurfi ƙwarai, wata sai da jaki ko sa ake ja. Ta nemo itace. Ta dama hura, ta tuƙa tuwo. Da damina ga gandu, ga gamanarta. To, ranar da ta haihu, wa zai ɗauki wannan kaya?

Kakanninmu sun riga sun yi ma abin dubara. Mai cikin fari ana kai ta gidan iyayenta, ta haihu can, ta yi wanka can har kwana arba'in. Daga haihuwa ta biyu kuwa, galibi ɗakinta take zama. A nan ne ake gane maƙwabciya ta ƙwarai. Uwar miji na kula da jinjiri. Facala ta ɗauki tulu. Abokiyar zama ta karɓi girki. Ƙawa ta zo da ɗan sabulu ko tiyar hatsi. Ranar suna kowace ta kawo nata biki, kuma an san in tata ta zo za a rama mata har da ƙari.

Da ɗarin bana aiki ya kai ni wani ƙauye arewa da Mayahi, inda muke da ajin yaƙi da jahilci na mata. Ran nan na tarar mata biyar ba su zo karatu ba. Aka ce suna gidan wata da ta haihu shekaranjiya. Mijinta na Libiya, uwarta ta rasu, uwar mijin kuma idonta ya yi rauni. Da muka tashi na je barka. Na tsaya ƙofar gida na yi sallama, na ce Allah ya raya.

Abin da na gani ya isa a ba da labari. Biyu na daka a turmi ɗaya. Ɗaya ta komo daga rijiya da jarka biyu bisa jaki. Ɗaya na hura wutar ruwan wanka. Ta biyar, mai goyon wata huɗu, na ciki tana nuna ma mai jego yadda za ta kama yaro ga nono. Sun raba kwanaki tsakaninsu har zuwa arba'in. Wata ɗalibata ce ta rubuta sunayen da ranakun cikin littafin karatunta, don kar a yi gardama. Wannan shi ne amfanin karatu.

Zaman ƙarƙashin bedi

A garin nan masu ciki da masu goyo na haɗuwa sau ɗaya a mako, bayan la'asar, ƙarƙashin icen bedi. Wadda ta yi goyo uku tana zama kusa da mai goyon fari. Ungozoma na zuwa. Wani lokaci majo na gidan likita shi ma ya leƙo.

Irin wannan zama ba jiya ya fara ba. Tun cikin shekarun 1960 aka fara horar da ungozomomi da masu ba da magani na ƙauye a jahar Maraɗi. Bayan yunwar 2005 an ƙara mai da hankali ga abincin yara. Daga 2008 gwamnati da UNICEF suka shiga garuruwan Maraɗi da Damagaram da wayar da kai bisa shayarwa, da gidan sauro, da wanke hannu. Amma malamin lafiya baƙo ne, yana zuwa ya koma. Wadda ke nan da tsakar dare, lokacin da yaro ya ƙi nono, ita ce maƙwabciya.

Ga abin da matan ke koya ma juna.

Na ɗaya, dakashi. Shi ne nonon fari, mai kauri, mai ruwan ɗorawa. Da can ana tatse shi a zubar, a ba yaro ruwa ko nonon akuya har kwana biyu ko uku. Wasu ma suna gwada nonon da tururuwa, in ta mutu a ce nonon ba shi da kyau. Likitoci sun tabbatar dakashi shi ne rigakafin farko na jinjiri. Makiyayi ya san haka. Ɗan maraƙin da bai sha dakashi ba, da wuya ya yi ƙwari. A sa yaro ga nono cikin awa ɗaya da haihuwa.

Na biyu, nono zalla har wata 6. Ba ruwa, ba bauri, ba hura. A nan ne gardama ta fi yawa, don ana cewa ƙasarmu da zafi, yaro zai ji ƙishi. To, in an kasa nonon uwa kashi 100, wajen kashi 88 ruwa ne. Ruwan rijiya ko na tabki kuwa shi ke kawo zawo. Uwa ce za ta sha ruwa da yawa, ta ci ta ƙoshi, yaro ya samu ta nono. Bayan wata 6 a fara ba shi kunu, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu, kamar yadda addini ma ya nuna.

An samu ci gaba, amma da saura. Binciken lafiya na ƙasar Nijar ya nuna a 1998 yaro 1 kawai cikin 100 ke shan nono zalla. A 2006 sun kai 14. A 2012 sun kai 23.

Na ukku, ɗumi. Jinjiri na saurin yin sanyi, balle da hunturu. Kar a yi gaggawar yi mashi wanka, a bari ya kwana ya wuni. A goge shi, a sa mashi hula, a rufe shi. In bakwaini ne ko ɗan ƙarami, uwa ta ɗaura shi ga ƙirjinta, fata da fata, dare da rana. In ta gaji, kaka ko ƙawa ta karɓe ta.

Na huɗu, cibiya. A yanke da sabuwar reza. Kar a sa toka, ko ƙasa, ko kashin dabba. A bar ta da tsabta ta bushe, sai fa maganin da likita ya ba da.

Al'adar da za a riƙe, da wadda za a rage

Hutun kwana arba'in abu ne mai kyau. Kauri da romo da ake ba mai jego na mai da jini. A riƙe su. Amma akwai abu biyu da ke son lura.

Na farko kunun kanwa. Cikin shekarun 1970 likitocin asibitin Zariya, a Najeriya, sun ga masu jego da yawa na zuwa da ciwon zuciya. Da suka bincika, sai suka ga abin na da alaƙa da yawan shan kanwa, da zafin da ake gasa jiki da shi. Kanwa gishiri ce. In ta yi yawa tana tara ruwa cikin jiki, zuciya ta gaji. Matan garin da na je sun rage ta ƙwarai. Sun koma kunun gyaɗa da na tsamiya.

Na biyu ruwan wanka. Mai ɗumi ya isa. Tafasasshe na ƙona fata, ga cin itace a ƙasar da itace ya yi wuya.

Tsofaffi ba su son a ce masu sun yi kuskure, kuma suna da gaskiyarsu, su suka raine mu. Shi ya sa matan ke gayyatar kakanni wurin zaman. Ba a ce ma tsohuwa ba ki sani ba. Ana ce mata, Inna, zo ki ji abin da majo ya faɗi, ki taya mu dubawa. In kaka ta yarda, gida duka ya yarda.

Idon maƙwabciya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 jarirai wajen miliyan 2.3 suka rasu a duniya kafin su cika kwana 28. Kashi ukku cikin huɗu nasu a makon farko ne, wato tun kafin suna ko dab da shi. A daidai wannan mako ne kuma al'ada ke tsare mai jego cikin ɗaki. Mai haihuwar fari ga ta da kunya, ba ta iya buɗe baki ta ce ɗanta ba shi lahiya. Saboda haka wadda ke shiga ɗakin kullum ita ce za ta gani.

A kai jinjiri gidan likita ba tare da jiran suna ba: in ya ƙi kama nono, in jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, in yana numfashi da sauri ko haƙarƙarinsa na lotsawa, in yana zabura ko ya sandare, in ido da tafin hannu sun yi ɗorawa, in cibiya ta yi ja ko tana ruwa.

A kai mai jego ita ma: in jini ya ƙi tsayawa; in tana masassara ko abin da ke fita na wari; in kai na sara ido na duhu; in ƙafafu sun kumbura tana haki, ba ta iya kwantawa.

Akwai kuma ciwon da ba a gani. Wata mai jego sai ta yi shiru, ba ci ba barci, tana kuka ba dalili, ba ta son ɗaukar ɗanta. Wannan ba lalaci ba ne, ba baƙin hali ba ne. Ciwo ne da likitoci suka sani. Kar a bar ta ita ɗaya. A zauna da ita, a ji ta bakinta. In ya wuce mako biyu a gaya ma majo.

Ko lahiya lau ake, ana son likita ya duba uwa da ɗa a ranar haihuwa, da kwana na 3, da cikin mako na biyu, da mako na 6. Allurar BCG da ɗigon shan inna tun haihuwa ake yin su. Wasu kuma a mako na 6, da na 10, da na 14. A adana karnen yaro wuri mai kyau.

Kuɗin amalanke

Gwamnati ta ɗauke kuɗin awon ciki da na maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006. A 2024 ta ɗauke na haihuwa a gidajen likitanta. Amma amalanke da babur da mota ba kyauta suke ba, ga yashi ga nisa. Sau da yawa neman kuɗin tahiya ne ke sa a makara.

A nan asusun mata ya yi rana. Tsarin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi ya fara, a 1991, tare da ƙungiyar CARE. Daga nan ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka. Mata na zuba ɗan abin da ya sawwaƙa kowane mako cikin akwati, su ba juna bashi. A garin da na je sun ware wani kaso daban don ciwo da haihuwa. In naƙuda ta yi tsanani da dare ba a tada kowa neman rance. A buɗe akwati, a ɗaura ma sa amalanke.

Rabon maza

Ƴan uwa maza, ragon suna ba shi ne iyakar aikinmu ba. Wanda zai tahi cin rani ya bar mace da tsohon ciki, ya tara mata itace, ya ware mata damman hatsi, ya bar kuɗin hanya. Abu mafi girma, ya bar izini. Ya faɗi gaban uwarsa da ƴan uwansa cewa in wani abu ya taso a kai ta likita, kar a jira wayarsa. Wanda ke gida kuma, in matarsa ta ce za ta taya maƙwabciya daka, ya bar ta. Gobe ƙofarsa za a zo.

Masu karatu a cibiyoyin yaƙi da jahilci, ku karanta ma waɗanda ba su iya ba. Mata, in babu irin wannan zama a garinku, mace biyar sun isa su fara. Ku rubuto muna yadda kuke yi a wajenku, mu buga kowa ya ƙaru.

Allah ya sauki masu ciki lahiya, ya raya muna abin da aka haifa. Sai wata mai zuwa.