Asalin Sunan Nan Alkashnawi

A cikin sunayen zuriya da Larabawa ke amfani da su akwai waɗanda suka cika duniya, kamar su Alhashimi da Almisri da Albagadadi. Akwai kuma waɗanda sai mutum ya daɗe yana tone-tone kafin ya yi karo da mai su. Wanda nake so in yi wa 'yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu bayani a kansa yana cikin kashi na biyu, shi ne Alkashnawi. In ka ji shi a bakin Balarabe sai ka rantse sunan wata kabila ce ta can cikin hamadar Hijaz. Alhali kuwa in aka juya shi da Hausa bai wuce kalma ɗaya ba, watau Bakatsine.

Ga yadda abin yake. Larabawa suna da wata al'ada ta jingina mutum ga garinsu, ko kabilarsu, ko sana'arsa, suna kiranta nisba. Sai su sa "al" a farkon sunan garin, su ƙara "i" a ƙarshensa. Mutumin Makka ya zama Almakki, na Basra ya zama Albasri. Mu ma muna da irin wannan, sai dai mu da "ba" muke farawa: Bakano, Bazazzagi, Basakkwace, Badauri. Da yawa daga cikin sunayen da muke ji kullum ma nisba ce, ba mu lura ba. Buhari, alal misali, asalinsa mutumin Buhara ne, wani birni da ke ƙasar Uzbekistan a yau. Mai littafin Risala da ake karantawa a zaure ana ce masa Alƙairawani don ya fito daga Ƙairawan ta Tunisiya. Mu muka ɗauki Buhari muka mai da shi sunan yanka, har ana raɗa wa jaririn da babu wanda ya taɓa taka Buhara a danginsu kaf.

To, yaya aka yi Katsina ta koma Kashna? Larabci ba shi da harafin "tsa". Da malaman dā suka zo rubuta sunan garin cikin littattafansu na Larabci sai suka nemi harafin da ya fi kusa, suka sa shinun. A ganina lafazin mutanen ƙasar ma ya taimaka, don duk wanda ya saurari tsofaffin Katsina ko na Maraɗi ya san ba "tsi" sosai suke faɗi ba, abin ya fi kama da "Katcina". Turawan farko da suka ratso ƙasar nan su ma da irin wannan suka tafi, Kilafatan ya rubuta Kashna. Shi kuwa wawun da ya shigo kafin ƙarshe, har aka sami "awi", haka Larabawa kan yi wa sunayen wurare da yawa masu ƙarewa da wasali. Mutumin Ɗanɗa ta Masar Aɗɗanɗawi ne, na Barno Albarnawi, na Kano Alkanawi. Kada kuma a haɗa shi da Alkashi ko Alkashani, waɗannan na birnin Kashan ne na ƙasar Iran, babu dangin iya babu na baba.

Ni dai a bangon littafi na fara ganin sunan. Kakana yana da wani littafin fiƙihu mai juzu'i 3, ana ce masa As'halul Madarik, sharhi ne a kan littafin nan da almajirai ke kira Askari. Wata rana da hutu ya sa ni in kakkaɓe masa ƙurar littattafai, ina yi ina gwada ɗan Larabcin da muka koya a aji, sai na karanto sunan mawallafin da ƙarfi: Abubakar bin Hasan Alkashnawi. Na ce, "Malam, wannan Balaraben ina ne?" Ya yi dariya har rawaninsa na neman zamewa, ya ce, "Kai dai ɗan boko! Balaraben garinku ne." Mutumin ƙasar Katsina ne da ya je Makka ya zauna, ya rasu a 1397 ta Hijira, watau 1977. Abin da ya ƙara ba ni sha'awa shi ne, mai asalin littafin da ya yi wa sharhi, Ibn Askar, Albagadadi ne, ya rasu tun 1332. Ga Bagadaza ga Katsina a bango ɗaya, shekara fiye da 600 tsakaninsu.

Amma ba shi ne farkon wanda ya ɗauki sunan ba. Waliyyan nan biyu na Katsina da kowane yaro ya san su, Ɗan Marina da Ɗan Masani, waɗanda suka rayu a ƙarni na 17, duk ana rubuta su da Alkashnawi cikin littattafan Larabci. Na Ɗan Marina ma har sunan nasa aka fassara, aka ce Ibnus Sabbag, don sabbag shi ne marini da Larabci. Ɗan Masani kuwa nisba biyu gare shi, Albarnawi Alkashnawi, watau asalin gidansu Barno, zama kuwa Katsina.

Wanda ya kai sunan nesa fiye da kowa shi ne Muhammadu bin Muhammadu Alfulani Alkashnawi. Ya yi karatu a ƙasar Hausa da wajen Barno, sa'an nan wajen 1730 ya kama hanyar Hajji. A zamanin nan kuwa ba jirgin sama, mutum kan yi sallama da iyalinsa kamar wanda ba zai komo ba, kuma shi ɗin bai komo ba. Bayan ya sauke farali sai ya zarce Alƙahira, ya sauka gidan wani babban malami masanin lissafi da taurari, Hasan Aljabarti. A gidan ya rasu a 1154 ta Hijira, watau wajen 1741, bayan ya bar wa mai masaukin nasa wasiyyar littattafansa. Ɗan mai masaukin, Abdurrahman Aljabarti, wanda ba a ma haife shi ba sai bayan rasuwar baƙon, shi ya girma ya zama babban marubucin tarihin Masar, ya kuma sa labarin wannan Bakatsine cikin littafinsa tare da na manyan malaman Alƙahira. Abin lura, Aljabarti ɗin ma nisba ce ta baƙunta, kakanninsu daga wajen ƙasar Habasha suka zo. Baƙo ne ya sauki baƙo.

In ka dubi cikakken sunansa yadda aka rubuta, kamar kwatancen gida ne ake yi wa wanda bai san hanya ba. Alfulani, kabilarsa ke nan. Alkashnawi, ƙasarsu. Addanrankawi, watau mutumin Ɗan Ranko, wani gari na ƙasar Katsina. Assudani, watau daga ƙasashen baƙar fata, don a lokacin duk yankin nan namu Sudan Larabawa ke ce masa, ba ƙasar Sudan ta yanzu kaɗai ba.

'Yan ajinmu masu ƙorafi da lissafi ya kamata su san abin da ya ɗaukaka shi. A 1732 ya gama wani littafi mai suna Bahjatul Afaƙ, inda ya yi bayanin yadda ake gina abin da Larabawa ke kira wafƙi, mu kuwa muka fi saninsa da hatimi. Gidaje ne ake zanawa a jera lambobi a ciki, ta yadda ko ta ina ka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, jimla ɗaya za ka samu. Mafi sauƙi shi ne mai gida 9. A layin sama ka sa 4, 9, 2, a na tsakiya 3, 5, 7, a na ƙasa 8, 1, 6. Tara ka gani, ko'ina 15 ne. Shi ya nuna hanyoyin gina irin waɗannan in yawan layukan mara ne, watau 3 ko 5 ko 7, har abin da ya yi sama. Mai layi 5 jimlarsa 65 ce, wanda ya ga abin wasa ne ya gwada cika shi da ka ba tare da ƙa'ida ba. Gaskiya ne a zamaninsa wannan ilmi yana haɗe da sha'anin asirai da sirrin haruffa, malamai kuma sun daɗe suna saɓani a kan wannan ɓangaren. Ni ba nan na dosa ba. Lissafin da ke ciki lissafi ne sosai, shi ya sa masu rubuta tarihin lissafi a Afirka ba su tsallake sunansa.

Yanzu sai maganar ƙarancin sunan. Me ya sa Katsina ga ta da jama'a, ga ta da tsohon tarihin malanta da fatauci, amma masu amsa Alkashnawi ba su taka kara sun karya ba?

Dalili na farko, sunan ba ya da amfani a gida. In ka tsaya a gindin hasumiyar Gobarau ka ce kai Bakatsine ne, me ka faɗa? Kowa ma shi ne. A gida da unguwa ake sanin mutum, ko da ubansa, ko da sana'arsa. Sai ka yi nisa, ka je inda ba wanda ya san ubanka, sa'an nan garinku ke zama sunanka. Ko a ƙasar nan haka abin ya faru da aka kafa makarantun boko na kwana, aka tara yara daga garuruwa dabam-dabam, ga Muhammadu biyar a aji ɗaya. Sai aka riƙa liƙa wa kowa sunan garinsu a rajista. Ta haka aka sami Aminu Kano, da Shehu Shagari, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Isa Kaita. Nisba ce tsaf, "al" da "i" kawai aka yar. Ni ma da sunan ƙauyenmu ake kirana a nan makaranta, alhali a ƙauyen ba wanda ya taɓa kirana da shi.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Mutanenmu da suka zauna a ƙasashen Larabawa ba kaɗan ba ne. Shekara da shekaru alhazai na bi ta Barno da Wadai da Darfur, su tsaya su yi noma ko ƙwadago su sami guzuri, su kai bakin Bahar Maliya su ƙetare zuwa Jidda. Bayan da Turawa suka ci ƙasar nan, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, wasu dubbai suka yi hijira gabas, har ɗansa ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan. Cikin waɗannan duka ba a rasa Katsinawa ba. Amma Balaraben da ya karɓe su bai san bambancin Katsina da Zazzau ba, bai kuma damu ya sani ba. Sai ya haɗa su duka ya ba su babban suna ɗaya. A Sudan aka ce Fallata, a Hijaz aka ce Takari, da aka zo rubuta sunayen zuriya a takardun hukuma kuwa sai Hausawi da Fallata da Barnawi suka cinye sauran. Shi ya sa Hausawi ya yi yawa a Saudiyya. A gasar ƙwallon ƙafa ta duniya da aka yi a Rasha a 2018, 'yan wasa 3 ne masu wannan suna a ƙungiyar Saudiyya, Usama da Umar da Mu'utaz, Usama ne ma shugabansu a fili.

A danginmu ma akwai misali. Wan kakata ya tafi Hajji a ƙasa tun yana saurayi, ya zauna can ya yi iyali. Jikokinsa duk Hausawi ne a takarda. Da wata gwaggona ta je aikin Hajji ta neme su, sun karɓe ta hannu bibbiyu, har da tuwo, amma ƙananan cikinsu sun san dai kakansu daga Nijeriya ya zo, sunan garin ya riga ya ɓace musu. Wanda ya riƙe Alkashnawi galibi malami ne mai alƙalami, wanda shi da kansa yake rubuta sunansa a ƙarshen littafinsa, ya zaɓi ya ambaci garinsu. Talaka mai ɗaukar kaya a Jidda wani ne ke rubuta masa suna.

Wani abin takaici kuma, ɗan abin da ya rage na sunan ma ana ɓata shi. Da yake ba a cika sa wasali a rubutun Larabci ba, wasu kan karanta Kishnawi maimakon Kashnawi, wannan da sauƙi. Amma a rubuce-rubucen Turanci da yawa, har da na intanet, an juya haruffan sunan mai Bahjatul Afaƙ ya koma "Kishwani". Wani ya yi kuskure sau ɗaya, na baya suka yi ta kwafa. To, Kishwani ba ya nufin kome, babu Katsina a cikinsa ko kaɗan. Yaron Katsina na iya karanta labarin mutumin daga farko har ƙarshe, in ba a ambaci garin a ciki ba, ya rufe bai san da ɗan'uwansa ake ba. Mutum ya ɗauki sunan garinsu tun daga nan har Alƙahira, ya mutu da shi, sa'an nan a zo a sauya masa wurin harafi biyu a raba shi da shi.

Saboda haka ina da roƙo ga iyayenmu, musamman waɗanda suka gaji tsofaffin littattafai na rubutun hannu a gafaka ko a adaka. A ƙarshen irin waɗannan littattafai mai kwafa yakan rubuta sunansa, da na ubansa, da nisbarsa, wani lokaci har da ranar da ya gama. Wannan takarda ta ƙarshe ita ce ke waje, ita gara da ɗigon damina ke fara ci. A taimaka a buɗe a duba mana a wannan hutun. Wanda ya ga Alkashnawi, ko Alkanawi, ko Azzakzaki, ko wata nisba ta wani ƙaramin gari irin Addanrankawi, ya sa ɗansa ya kwafo sunan yadda yake da harafin Larabci, tare da sunan littafin, ya kawo wa malaminmu na Hausa in an komo makaranta.