Kafin ka ce a cire haƙorin nan

Na lura a zangonmu da haƙori ya fara ciwo magana ɗaya ce: a je a cire a huta. Mai ƙarfin hali kuma ya tura kanumfari a kogon ya koma bakin kasuwa. Kanumfari na kwantar da zogi, amma ba ya toshe rami.

Shekaru uku da suka wuce na tauna tsakuwa a cikin wake, turmina na ƙasa ya tsage. Na isa asibiti da shirin rabuwa da shi. Likita ta ɗauki hoto, ta ce saiwar lafiya lau, a kankare shi a ɗora masa hula ta tangaran. Zuwa biyu na yi. Yau da shi nake cin kilishi.

Abin mataki-mataki ne. Ƙaramin rami ciko kawai yake buƙata, ko farin da ke sajewa da haƙori, ko mai ruwan azurfa. Idan ruɓar ta kai jijiya sai an kwashe ta an wanke ciki, galibi a bi da hula don kada ya fashe. Kowane mataki ya fi na bayansa tsada.

Cirewa ta fi araha, shi ya sa muke son ta. Sai dai giɓi ba ya zama yadda aka bar shi. Maƙwabtan haƙorin sukan kwanta cikin gurbin a hankali, na sama ya zazzago don ba abin da ke tare shi, mutum ya koma tauna da gefe ɗaya. Idan an zo gyara sai a yi gada: a kankare haƙora biyu na gefe, ko da lafiyayyu ne, su riƙe na tsakiya. Ko kuma na roba mai cirewa, ko dashe a ƙashin muƙamuƙi ga mai hali.

Abin dariya, hula ba baƙuwarmu ba ce. Haƙorin Makka da alhazai ke dawowa da shi ita ce, a kan lafiyayyen haƙori ma. Amma a ce a yi wa mai ciwo, sai mu ce ɓarnar kuɗi.

Mutanen Legas, akwai sashen haƙori a asibitin koyarwa na Idi-Araba. Na Sabon Ibadan ga UCH. Ku tambayi likita ko haƙorin zai cetu kafin ya ɗauko abin cirewa.