Robo mai aikin hanji da jinin da muke kira basir



Wasunmu sun ga bidiyon nan a waya: na'ura mai hannuwa huɗu tsaye kan majinyaci, ana cewa robo ne ke yi mishi aiki. Sunanta da Vinci, kamfanin Intuitive Surgical na Amurka ya ƙera ta, hukumar magunguna ta can ta yarda da ita a shekarar 2000. Yanzu a Amurka da Turai da Indiya amfani da ita wajen cire kansar babban hanji da ta dubura sai ƙaruwa yake.

To mu gane, robo ba ya taɓa kowa da kanshi. Likita ne zaune gefe cikin ɗakin, idonshi cikin madubin kyamara, yana motsa yatsu, ƙarafan suna bin shi ta ƴan ƙananan huji a ciki. Amfaninta ya fi fitowa a dubura, don wurin matsattse ne cikin ƙashin ƙugu, ga jijiyoyin fitsari da na mazakuta dab da shi. Ƙarafan suna lanƙwasa kamar wuyan hannu, ba su rawa. Ciwon ƙarami ne, mutum ya fi saurin tashi bisa wanda aka tsaga cikinshi.

Amma kuɗi fa! Guda ɗaya ta haura miliyan 500 na sefa, ban da gyara da kayan da ake sakewa. Kuma binciken ROLARR da ya fito a 2017 bai nuna ta yi wa aikin kyamara na hannu fintinkau ba a kansar dubura. Saboda haka in za mu kai ɗan uwa waje, muka saida gona ko shanu, mu tambaya: sau nawa wannan likita ya yi irin aikin? Gwanintarshi muke biya.

Abin da ya fi damunmu a nan gida yake. Da yawa in sun ga jini a bayan gida sai su ce basir ne, a jiƙa sassaƙe, a yi wata shida ana kunyar faɗi. Kafin a je asibiti ciwon ya kai hanta. A lokacin, ko robo goma aka jera, aikin ya yi wuya. Wadda aka gano da wuri kuwa, likitocinmu na fiɗa suna cire ta da hannunsu.

Jini a bayan gida, zawo ko taurin ciki da ya ƙi wucewa, rama ba dalili, kasala da ƙarancin jini: mu je a duba, ko da yatsa ne likita zai fara. Mai gida, ka kai uwargida. Yara, ku matsa wa Baba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. A tura wa ƴan uwa.