Za A Rina

Malamin Ingilishi ya rubuta «dye» a allo, ya ce mu kawo Hausarta. Ni da nake taƙama ɗalibin kimiyyar harshe ne, sai na ji bakina ya ce: «kala». Ba wanda ya yi dariya, don duk ajin abin da ke kansu ke nan.

Kalmar Ingilishin tana aiki biyu: ita ce sunan abin da ake rina kaya da shi, ita ce kuma aikatau. Furucinta ɗaya da «die», wato mutuwa, shi ya sa suke bambanta «dyeing» da «dying» a rubuce. Fenti yana zama bisa abu, ita kuwa «dye» zare take shiga ta zauna.

Da na koma Tasawa hutu na ba kakata labari. Ta dube ni ta ce: «Kai ɗan nan, bokon me kake yi?» Sai ta shiga lissafa mini. Rini shi ne aikin. Baba ita ce ganyen. Shuni abin da ake fitarwa daga cikinta. Marina wurin, marini mai sana'ar, karofi ramin, katsi abin da ake kwashewa a ƙasansa. In an gama a kai wa mabuga su buga har ya yi ƙyalli, kamar turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa. Wallahi kunya ta kama ni: inda Bature ke da kalma ɗaya muna da bakwai, ni kuma na je aro.

Daga baya na karanta cewa Heinrich Barth, da ya biyo ta Tasawa a 1851, ya ga marina mai ramuka 14. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da baba ta masana'anta. Sannu a hankali ramuka suka bushe, kalmomin suka bi su. Kakata ta haura 80; in ta tafi, wa zan tambaya?

Guda ɗaya ta tsira a bakinmu. Kullum muna cewa «ai dama za a rina», ba mu taɓa leƙa karofi ba. Na sayi kaye na fara rubuta sauran. Ku ma in kun je gida, ku zauna gaban tsofaffinku da biro.