Rufin Motarka Na Ƙara? Kada Ka Shafa Masa Baƙin Mai

Ɗan'uwa mai tsohuwar Marsandi mai buɗaɗɗen rufi, ƙarar nan da ke damunka a hanyar Illela yawanci daga robar gefen rufin take. Zafin Sakkwato na wuce digiri 40 a Afrilu ya busar da ita, ƙurar hunturu kuma ta maƙale mata.

Ni gyaran waya nake yi, kullum ina ganin yadda ƙura ke toshe sifika. Mota ma ba ta tsira ba.

Buɗe rufin, goge robar da jiƙaƙƙen tsumma, in ta bushe ka shafa mata man silikon kaɗan, sannan ka ɗaure kusoshin makullin. Baƙin mai kumbura roba yake yi. In ta tsage, wallahi ruwan damina kan kujerarka zai sauka.